Ɗorawar Inna da Takardar Majalisa

Ni ne malamin majalisar gunduma a Kurfi a shekarun nan na gab da mulkin kai, kuma in gaya muku gaskiya, aikin ba wuya. Hakimi ya faɗi abin da za a yi, dagatai da wakilan unguwa su ce, "Ranka ya daɗe, haka ne," ni kuma in rubuta a littafi cewa an yi doguwar muhawara kafin a amince. Akwai wani tsohon dagaci da ke fara gyangyaɗi tun daga addu'ar buɗe taro. Shekara da shekaru ina rubuta cewa ya goyi baya, bai taɓa ƙaryata ni ba.

Ina da keke, ina da alƙalami a aljihun gaba, rigata kullum da guga. Wanda ya gan ni ya ga hukuma. Ni ma haka nake ganin kaina, Allah dai ya yafe mana.

Rannan aka kawo maganar makaranta. Yara sun yi wa elemantaren garin yawa, har wasu a gindin bango suke ɗaukar darasi. Aka ce za a ƙara aji biyu ta gabas. To, gabas ɗin nan ba daji ba ne, gidaje biyar ne, na uku a cikinsu namu. Aka ce ba komai, ai an yanka sabuwar unguwa a bayan gari, kowa za a ba shi fegi, layi miƙe sambal kamar an ja zare. Ni har daɗi na ji. Gidanmu tsoho ne, kowace damina sai katangarsa ta durƙusa, ga shi na daɗe ina mafarkin ɗaki mai rufin kwano.

Sai dai a bayan gidan akwai ɗorawa, kuma ta Inna ce, mahaifiyata. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce itace ai na mai fili ne. Ina! A wurinmu gona daban, itace daban. Filin da ɗorawar nan take tsaye sau biyu yana sauya hannu a kan idona, amma duk wanda ya noma shi ya san in 'ya'ya suka nuna Inna ce za ta zo da doguwar gorarta mai ƙugiya, shi rabonsa inuwa. Uwarta ce ta bar mata. Garin mu sha, kalwar ta dafa ta yi daddawa, ɓawon ta jiƙa makuba ta yi daɓen ɗaki. Bayan rasuwar mahaifinmu da daddawar nan ta riƙe mu, mu huɗu, da ita aka ɗinka mini rigar da na shiga makaranta. Yara suna ce mini ɗan mai daddawa, ina dambe a kai, alhali warin yana jikina.

A zaman nan ne hedimasta ya miƙe ya ce akwai wata ɗorawa a tsakiyar filin, daidai inda aji na biyu zai zauna. Hakimi ya ce, "A sare." Jama'a suka ce, "Ranka ya daɗe, haka ne." Tsohon dagaci ya goyi baya. Ni kuma na rubuta. Ba zan ce ban san wace ɗorawa ake nufi ba, a gindinta na koyi tafiya. Amma malamin majalisa ba ya magana a majalisa, kuma ko da yana yi, ba na jin bakina zai iya furta kalmar daddawa a gaban hakimi, ina sanye da wannan riga. Kunya ce ta banza, na san ta banza ce, amma ita ta riƙe ni.

Da hannuna na buga takardu biyar a tafireta, ɗaya don kowane gida, na sa hannu a ƙasa, aka buga hatimi. Kuma tunda babu mai karatun boko a gidajen nan in ba ni ba, ni ne dai na bi gida gida ina karanta wa mutane. Namu na bari a ƙarshe.

Na tarar da Inna tana tsince kalwa a faifai. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ba. In za ta yi mini magana sai ta fuskanci matata, ko bango, ko akuya, ta ce "malamin nan". Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, takarda ce daga majalisa." Ta ce wa faifan, "To, a karanta."

Na karanta. Maganar tashi, maganar fegi, maganar cewa kowa zai kwashe azararsa da ƙyaurensa. Ba ta ɗago ba. Da na zo layin ƙarshe sai na ɗan yi tari. Ta ce, "Ɗorawata fa? Mi suka ce?"

Na dubi takardar, na bi layin da yatsa kamar mai karatun gaske, na ce, "Itacen ɗorawa kuma na mai shi ne, ba za a taɓa shi ba."

Ta ce, "To, sun san Allah." Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta naɗe ta a tsumma, ta sa a ƙasan kwallarta, inda take ajiye warwaronta na aure.

Wallahi a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. Na ɗauke ta gaskiya ce da ba ta riga ta faru ba. Ni da nake cikin hukuma, matsar da gini taku goma zai gagare ni? Washegari da asuba na hau keke na nufi Dutsin-Ma, don a can mai safiyo yake a lokacin, yana yanka musu tasu sabuwar unguwar. Taya ta fashe mini wajen Birchi, na liƙe, na isa da hantsi.

Na same shi a rumfa yana ɓarar gyaɗa. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya warware taswira a kan tebur, ya danne gefe da gefe da dutse, ya ce, "Malam, nuna mini itacen."

Na duba. Ga makaranta, ga gidaje biyar, ga hanya. Na ce, "Ba ya ciki."

Ya ce, "To, abin da babu shi a takarda ta yaya zan kauce masa?"

Na ce, "Ai sai a zana shi."

Ya ce, "In na zana shi taswira ta canza. In ta canza sai ta koma Katsina a sake sa mata hannu. Damina biyu ke nan, in an yi sauri. Kai za ka gaya wa hakiminku?" Sai ya jawo wani fayil, ya zaro kwafin takarda ya ce, "Kuma ga shi majalisarku ce ta ce a sare. Wannan sa hannun wa ne?"

Na ce nawa ne. Ya ce rubutuna yana da kyau. Ya cika mini aljihu da gyaɗa, na hau kekena na koma.

Muka tashi bayan kaka. Sabuwar unguwa ba laifi, sai dai duk layin iri ɗaya ne, ba itace ko ɗaya, tsofaffi suna ta faɗawa gidajen da ba nasu ba suna sallama. Jakin maƙwabcinmu kuwa bai yarda da hukuncin majalisa ba sam. Kowace yamma sai ya koma tsohon gida ya tsaya a inda turkensa yake, a tsakiyar masu kwaɓa ƙasa, sai an je an jawo shi. Na yi ɗakina na kwano. Da rana ba ya shiguwa don zafi, amma ana hango shi tun daga bakin kasuwa.

Inna ba ta yi ƙorafi ba. Kullum da safe takan taka har tsohuwar unguwa ta duba ɗorawarta, ta dawo ta ba matata labari: ta yi fure, furen ya zuba, 'ya'ya sun fito, bana kam sai Allah. Ni ina ji. Kullum in ce gobe zan faɗa mata. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Saura 'yan makonni 'ya'yan su nuna aka zo da gatura. Ina ofis ina jin saran, don ba nisa. Kwana uku suka yi a kanta. Aka ce mini Inna ta je ta tsaya, ta gaya wa shugaban leburori cewa akwai takarda. Ya ce shi ma da takarda ya zo. Ta tsaya a nan har itacen ya faɗi, sannan ta cika zanenta da ɗanyun 'ya'yan da ba su da amfanin komai, ta dawo gida.

Na shiga gida da yamma na shirya wa duk abin da zai zo. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi matata ta ce, "Kin ga mutanen nan? Sun ci amanata, wannan da sauƙi. Amma su ɗauki yaro, su sa shi ya karanta wa uwarsa alkawari da bakinsa, sannan su saɓa? Dubi yadda ya rame. A ƙara masa miya."

Aka ƙara mini miya. Na shanye. Wannan ita ce miya mafi ɗaci da na taɓa sha.

Daga nan majalisa ta shiga uku a bakin Inna. Hakimi, dagatai, hedimasta, har tsohon nan mai gyangyaɗi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kowa ya samu rabonsa. Ni kaɗai aka ware. Duk shekara in ɗorawar mutane ta nuna sai ta tuna da takardarta, ta ce wa bango a gaya wa malamin nan ya raka ta wurin alƙali ta kai ƙara. Ni kuma in ce alƙali ya yi tafiya. Alƙalin nan ya sha tafiya a bakina, har Makka na kai shi sau biyu. Ta gwada sayen kalwa a kasuwa, ta ce ba ta da mai, ba ta da ƙamshi, kalwar marasa uwa ce. Daga baya ta kife tukunyar ta daina.

Ana nan majalisa ta sake zama, aka ce sababbin azuzuwa sun samu amma mutane suna ɓoye 'ya'yansu mata, saboda haka ma'aikata su fara kawo nasu. An yi doguwar muhawara, an amince. Na kai ɗiyata ta fari. Aka sa su a sabon gini, aji na biyu daga gabas. Na auna da ido, bencinsu bai fi taku uku daga inda kututturen yake ba.

Yarinyar ta ɗauki karatu kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kafin ta gama aji uku ba abin da ya tsira: gwangwanin madara, buhun gishiri, bayan motar kasuwa, duk sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi. Ina alfahari, ina cewa gado ne. Ko sau ɗaya ban kawo kwallar Inna a raina ba. Mai ilimi ke nan.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ina zaune a tabarma a tsakar gida ina gyaran fitilar keke, sai na ji Inna ta ce, "Ke 'yar boko, zo nan." Na ɗaga kai na ga tsumman nan a hannunta. Ta warware shi a hankali, takardar ta yi ja, ta kusa rabewa a wurin ninki. Ta ce, "Nemo mini inda aka ce itace na mai shi ne. Ina so in ji da bakin jinina. In alƙali ya dawo daga tafiya, ke za ki raka ni."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ma ya yi ƙoƙari.

Yarinya ta gyara tsayuwa, ta haɗe ƙafafu yadda ake koya musu, ta fara tun daga sama, gaɓa gaɓa. Tashi, fegi, azara, ƙyaure. Sannan ta zo layin ƙarshe, ta ɗaga murya don ta ga an kusa gamawa: "Itacen ɗorawa da ke cikin filin kuma za a sare shi." Ta leƙa ƙasa, fuskarta ta washe, ta ce, "Lah! Baba, ga sunanka!"

Matata ta daina daka.

Inna ta ce, "Sake."

Ta sake, wannan karon ba ko tuntuɓe.

Inna ta karɓi takardar, ta ninke ta yadda take, ta mayar a tsumma. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ta zage ni, da ta ɗaga muciya ta rafka mini a gaban iyalina, wallahi da na gode mata. Sai ta dubi matata ta ce, "Ashe dai ba a yi asarar itacen ba. Makarantar nan tana koyarwa. Yarinyar ta fi ubanta karatu."

Da magariba na je ƙofar ɗakinta na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce wa fitila, "An yafe. A tashi, ƙasa da sanyi." Daga ranar ba ta sake zagin majalisa ba, ba ta sake tambayar alƙali ba, kuma ba ta rage mini komai ba, ko gaisuwa ko addu'a.

Abu ɗaya ne kawai. Ƙanena yana aikin jirgin ƙasa a kudu, yakan aiko mata da wasiƙa. A da, da wasiƙa ta iso za ta ce wa bango a kira malamin nan. Bayan ranar nan sai ta karɓa, ta sa a ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. Ina zaune a gabanta, ni da nake karanta wa hakimi takardun Katsina, ga alƙalami a aljihuna, ita kuma tana ta leƙen ƙofa tana tambayar matata ko an tashi 'yan makaranta. Haka muka yi har ta rasu.