Jan Tabon da Na Kankare

Edita, a ɓoye sunana. A lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da biyu, kuma duk unguwarmu a Magarya an san ni da tsabta. Tukunyata ko madubi albarka. Na ɗauki abin da girman kai, har nakan taɓe baki in na shiga gidan da na ga ba a yi shara ba. Wannan girman kan ne ya sa na goge abu na ƙarshe da mahaifiyata ta bari a duniya, da hannuna.

Babanmu yana da wani tsohon akwatin wasa da ya sayo a Kano tun yana saurayi, mai ƙafa huɗu da murfin gilashi. A jefa dala biyar, ƙwallon ƙarfe ya fito, a riƙa buga shi da maɓallai biyu. Da akwatin ya daina aiki sai aka jingine shi a zaure. Hayaƙin taba ya mayar da fentinsa rawaya, ƙwallon ya yi tsatsa ya zana layuka, ɗigar rufi ta bar masa zobba. A gefen dama kuma, inda fenti ya kwaile, akwai wani jan tabo da na ɗauka tsatsa ce. Kullum bayan la'asar Baba yakan zauna ya ɗora hannu a wurin, ni kuwa haushi nake ji, ina cewa tsoho da son tarkace.

Ana saura kwana biyu babbar sallah Baba ya tafi kasuwar Sassumbrum neman rago. Na ɗebo toka da yashi da soso, na ƙara da ruwan jabel mai cire tabo, na dirje akwatin yadda nake dirzar gindin tukunya. Fenti ya biyo soso, katako ya sha ruwa ya kumbura. Jan tabon ya fi gardama, sai da na sa wuƙa na kankare shi, ina ta jin daɗin kaina.

Da Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya shafa wurin, ya yi mini sannu da aiki, ya shige ciki. Gwaggona, ƙanwarsa, ita ta same ni a madafa ta gaya mini cewa tabon lalle ne. Tana da cikina Inna ta dafa wurin da ɗanyen lalle a hannu, tana dariya, Baba yana koya mata wasan. Wajen haihuwata ta rasu, ko hoto ba ta bari ba. Kowa a gidan ya sani, shekara ashirin da biyu ba wanda ya ga ya dace ya faɗa mini. Har yau ban huce da su ba, ban kuma huce da kaina ba.

Daga baya wani mai gyaran rediyo ya ce irin wannan akwati tsumma mai laushi kawai yake so, busasshe ko mai ɗan danshi, kuma a fara gwadawa a lungu. Ilimin ya zo bayan ba shi da amfani.

Ƴan'uwa, kafin ku sa soso a tsohon kayan wani, ku tambayi mai shi abin da ya kawo tabon. Baba ya ƙara shekara uku a duniya, bai sake zama a zauren ba. Ni kuma sau ɗaya tak na taɓa hannun uwata, da wuƙa.