Mun Kai Tukunyar Marigayi Ɗa'ifa Neman Suna

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Bani Malik a Jidda, ni da maigidana, muka nufi unguwar Mada'in Fahad ɗaukar Khala da tukunyar shukarta. Khala, wato Inna da Larabci, haifaffiyar Jidda ce, kakanninta da ƙafa suka zo hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Tun da na zo aikin jinya garin nan ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Mijinta ya rasu bana, kwanan nan ta fita takaba.

Tukunyar ta marigayin ce. Wasu Turawa da ya yi wa tuƙi ne suka bar masa wata shuka da za su koma gida, mai faffaɗan ganye da farin layi a gefe. Mai Farin Baki yake ce mata. A wani ɗan ɗaki da ya yi a saman bene yake renonta, inda Khala ba ta hawa saboda gwiwa, sai shukar ta yi kyau ya sauko da ita falo. To, tana falon ne ya rasu. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ji labarin son da yake mata sai ya tsiyaya mata ruwa, masu ƙoƙari har Zamzam. Ganye ya yi ta rawaya yana zubewa har ya rage guda ɗaya. Khala ta ƙudura a ranta cewa idan an san sunanta za a san maganinta, idan kuwa ta mutu a hannunta ba za ta yafe wa kanta ba.

Mun riga mun gwada masu sayar da shuke-shuke na Jidda. Wani ya ce gwaza ce, wani ya ce bai sani ba amma yana da taki mai kyau. Manhajar wayata kuwa duk hoton da na ɗauka sai ta ba ni sabon suna, har latas ta ce. Daga ƙarshe aka ce mu tafi Ɗa'ifa, can ne masu shukar sanyi suke.

A bakin hanyar Makka muka tsaya muka ci gurasar tamis da waken ful, da shayi mai madara. Tamis bai canza farashi ba, shayin ne aka rage wa kofi. Khala ta ƙi yarda a sa tukunyar a but, ta ɗaura mata bel a kujerar baya, ta zauna kusa da ita. Maigidana ya ce shi dai bai taɓa ɗaukar fasinja mai haƙuri irin wannan ba. Ni kaɗai na yi dariya.

Hawan dutsen Hada ba wasa ba ne. Hanya na murɗewa, kunnuwa na toshewa, birai zaune bisa katangar titi suna kallon motoci kamar masu jiran a ba su canji. Muna kaiwa sama muka sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo, na ji kamar ba ƙasa ɗaya muke da Jidda ba. Rumman da inabi jere a bakin titi cikin kwali, ga masu gasa masara. Wanda duk muka tambaya farashi sai ya dubi lambar motarmu tukuna, don haka Khala ta karɓi cinikin da Larabcinta.

Gidan shuka na farko, mai wurin ya juya ganyen nan ɗaya ya ce rana ta yi mata yawa. Na biyu ya rantse rana ce ba ta samu ba. Na uku ya shinshina ƙasar, ya yamutsa fuska, ya tura mu wajen surukinsa a hanyar Shafa. Kafin azahar kaina ya gama ɗaurewa. Ni da nake karanta takardar likita mai rubutu kamar tafiyar tururuwa, ga ganye ɗaya ya sa ina juya waya sama da ƙasa. Har na fara jin haushin marigayin, Allah ya jiƙansa, da bai bar wa kowa bayani ba.

Surukin dattijo ne mai yawan magana, wanda ya taɓa zama a ƙasar sanyi. Ya kalli tsohon hoton shukar a wayar Khala ya ce hosta ake kiranta, amma masu farin gefe sun fi a ƙirga, kuma da ganye ɗaya mai rawaya ba mai iya ce mana wace ce. Ya tambayi furenta. Khala ta ce fari ne, yana ƙamshi da yamma. Ya ce wannan ya rage yawan, amma bai kai mu ga suna ba. Ya ambaci biyu, ya janye ɗaya, ya kira wani a waya, wancan ya ƙaro uku. Na ga Khala ta sunkuyar da kai, raina ya ɓaci.

Sai dattijon ya kife tukunyar bisa tebur. Ƙasar jagab take. Ya yanke inda saiwar ta ruɓe, ya nuna mana inda ya rage da tauri da wasu 'yan idanu farare. Ya ce ruwa ya cuce ta, amma zubar ganyen al'adarta ce, duk shekara sai ta yi barci cikin sanyi kafin ta sake tsirowa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ta rayu shekaru a Jidda.

“Ya Hajja, ina yake samo mata sanyi? Sai dai in firij yake saka ta.”

Khala ta juyo gare ni, ta koma Hausa.

“'Yata, baƙar ledar nan ta ƙasan firij. Duk shekara sai ya kawo ta ya ce kada kowa ya taɓa. Wallahi na ɗauka saiwar magani ce, ciwo yake ɓoye min. Tun da ya rasu nake cewa da na tambaye shi, da an kai shi asibiti da wuri.”

Ban san tana ɗauke da wannan ba, ni da nake zuwa gidanta kullum. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce wa marigayin Allah ya yafe maka da Larabci da Hausa. Dattijon bai ji ko kalma ɗaya a Hausar ba, ya yi tsammanin shi ya yi laifi, ya aika a kawo mana shayi.

Mun sauko da la'asar, but cike da rumman, tukunya wofi, saiwar kuma a naɗe cikin leda bisa cinyar Khala. Zafin Jidda ya tarbe mu tun kafin mu shiga gari. Maigidana ya tuna mana cewa har yanzu fa ba mu san sunanta ba. Khala ta ce halas, wato shi ke nan, mai ita ya riga ya raɗa mata suna.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan kaɗan ne. Na koyi cewa ba kowace shuka da ta zubar da ganye take neman ruwa ba, na kuma koyi in riƙa tambayar mutanen gidana abin da ban gane ba tun suna nan. Ko saiwar za ta tsiro, dattijon bai yi alkawari ba. Da muka isa Mada'in Fahad, Khala ba ta ko cire abaya ba ta wuce kicin. Ta kwashe tumatir daga aljihun ƙasan firij, ta ajiye ledar daidai inda yake ajiye ta, ta juyo ta dube mu.

“Kada kowa ya taɓa.”