Deborah da Barandar Kansila

A Nasarawa, in mutum zai zuba dekin, wato rufin kankare na bene, injiniya yake fara nema, amma Deborah yake tambaya daga ƙarshe. Ba ta yi boko ba. Daga wajen Zonkwa ta biyo mijinta lokacin da ya samu aikin masaƙa a Kakuri. Da aka sallame shi sai ta naɗa gammo ta shiga ɗaukar kwanon kankare. Shekara ashirin tana hawa tsani da kwano a ka, har ta zama shugabar mata goma sha takwas.

Lissafinta ba takarda. Za ta hau katakon da kafinta ya shimfiɗa, ta taka tsawo, ta taka faɗi, ta auna kauri da yatsa, sannan ta faɗi buhun siminti nawa, tifar yashi da ta tsakuwa nawa. Ba ta bayani. Dekin rana ɗaya ake zuba shi. In ya kwana rabi, wurin haɗin zai yi ta yoyo har kan jikoki. Aiki bai taɓa kwana a hannunta ba, kuma da wannan suna take cin abinci.

Shekarar da soja suka koma bariki, Shekari mai gyaran rediyo, ɗan wata ƙawarta, ya ci kansila. Kafin shekara ta ƙare ya tayar da bene a Kamazou, ya sa Usman kafinta ya fitar masa da baranda mai faɗi a gaba, inda zai riƙa tsayawa yana wa jama'a jawabi. Deborah ta hau ta taka, ta ce buhu ɗari da arba'in. Shekari ya sayi ɗari da hamsin, don a san kansila ne. Aka tsayar da Asabar, mako uku masu zuwa.

Ran Asabar da sassafe injin kwaɓa ya iso, mata suka jeru, Irene matar Shekari ta ɗora tukunyar shinkafar ma'aikata. Deborah ta shiga ɗakin ajiya ta ƙirga. Ɗari da goma sha takwas. Ta sake ƙirgawa, ba su haihu ba.

Shekari ya sosa ƙeya ya ce ba sata ba ce. Mutane ne suka yi ta zuwa gaisuwa. Wannan ya ce dokin ƙofarsa ya fashe, wancan ya ce bakin rijiyarsa ya zube, kowa kuma sai ya tuna masa cewa a rana ya tsaya ya zaɓe shi. Buhu ɗai-ɗai ne kawai, romon dimokuraɗiyya. Aka tura Sabon Tasha a sayo, mai shago ya ce kowa gini yake yi bana, sai tirela ta zo ran Litinin.

"Mama, a ƙara yashi mana," in ji Shekari ƙasa-ƙasa. "Wa zai sani?"

"Yashi bai zaɓe ka ba, Shekari, ba zai rufa maka asiri ba. 'Ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashi."

Ta juya wajen ma'aikatanta. Ta raba matan kashi biyu. Rabinsu suka fara zubi daga ɗakunan baya. Sauran ta sa Eunice, wadda ta fi kowa baki, ta ja su cikin unguwa, ta ce duk ƙofar da suka ga sabon daɓe su yi sallama.

Sun sha labari. Wani dattijo ya rantse bai taɓa ganin siminti ba, alhali a kan buhun yake zaune. Wata ta ce ta kai nata coci, in suna so su je su karɓa a wurin Ubangiji. Wani ya ba su nasa da murna, ashe ruwa ya taɓa shi ya zama dutse. Mai shayi ya ce zai bayar, amma a gaya wa kansila ya cire ƙuri'a ɗaya daga lissafinsa. Wajen sha biyun rana suka dawo a jere, buhu goma sha uku a ka, rabin unguwa na biye da su.

Deborah ta tsaya a kan katako ta dubi abin da aka zuba, ta dubi abin da ya rage. Tara babu. Ta taka barandar, taku shida da uku, ta kira Usman ta ce ya buga katako ya toshe daga bakin falo.

Shekari ya hau tsani da babbar riga yana haki. Ya ce barandar nan ita ce gidan, a yanke wani wurin. Ya nuna saman kicin. Irene tana ƙasa da ludayi a hannu, ta ɗaga kai ta dube shi kawai, sai ya sauke hannun.

"Ɗana, zaɓi biyu ne," in ji Deborah. "Gida ba baranda, ko baranda da bokiti a kowane ɗaki."

Ya juya wajen Usman ko zai samu mai goya masa baya. Usman ƙusa ce a bakinsa.

Rana na shirin faɗuwa kwanon ƙarshe ya hau. Aka shafe dekin sumul, saura rabin buhu. Deborah ta gaya wa Irene a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako biyu, ta wanke kwanonta, ta ci shinkafa a tsaye, ta nufi bakin titi neman motar gida.

Damina huɗu Shekari ya yi a gidan kafin ya sayar, ko ɗigo bai sauka ba. Duk tsawon zamansu rodin barandar yana nan tsirara a gaba, Irene na shanya a kai. Jawabi kuwa ta tagar falo yake yi, sai ya sunkuya.