Ban Yarda da "Kowa Ya Gyara Tasa" Ba

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da gwaggota, za mu suna a Darki. Ni ce a sitiyari. Karo na farko ke nan da Abba ya ba ni motarsa in fita wajen gari, kuma da sharaɗi: in na jawo mata ko ƙwarzane, ni da tuƙi mun yi hannun riga.

Hanya lafiya lau, sai dai Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Tun kafin gada motocin shanu suka cika titi, ga masu babur, ga masu rake da soyayyen kifi suna turo tire ta taga. Kifin ya yi tsada kamar ba daga kogin da ke ƙasanmu aka kamo shi ba, amma sai da Gwaggo ta saya.

Saukarmu daga gada ke da wuya wani bijimi ya tsinke igiya ya faɗo titi. Na taka birki. Sai ji na yi gam! ta baya. Wata bas ta haya ce ta dake mu, ta lotsa but ɗin motarmu, ta fasa danjar baya ɗaya.

Kafin in fito jama'a sun taru, har sun yanke hukunci, tunda mace ce ke tuƙi. Direban bas ɗin, wani dattijo mai furfura, ya ce, "'Yata, haka ake tsayawa babu sanarwa? Danjarki ma ba ta kawo ba."

Na ce, "Baba direba, ni ma bijimin bai sanar da ni ba."

Na koma ciki na taka birki. Danjar da ba ta fashe ba ta kawo jajawur, kowa ya gani.

Sai aka koma lallashi: ƙaddara ce, kowa ya gyara tasa, a bar wa Allah. Gwaggo tana jan mayafina, wai direban sa'an ubana ne. Ni kuwa na san abin da ake nufi. An raba laifi biyu ke nan, rabi nawa, kuma rabin nan ya ishi Abba ya karɓe makulli.

Na ce ba da ni ba. Wanda ke baya shi ke da alhakin barin tazara, don na gaba ba shi da ido a ƙeya. Jami'in hanya da ya iso shi ma haka ya faɗa. Na kira Abba, na miƙa wa direban waya, na ce ya faɗa da bakinsa. Ya ƙi. Ni ma na ƙi gusar da mota, ga tasa maƙale a bayana. Fasinjojinsa suka fara yi masa ihu, rana tana yi. Da ƙyar ya karɓa.

Ya ce, "Alhaji, ni na daki motarka, kuma gyara nawa ne. Yarinyar nan ba ta da laifi, sai dai baki."

Mun isa Darki an gama raɗin suna, amma mun tarar da waina da miyar taushe. Da yamma muka juyo gida. Abba ya zagaya motar, ya duba but ɗin, ya ce gobe in kai ta wajen gyara da kaina.

Abin da na koya: haƙuri abu ne mai kyau, amma a fara faɗin mai laifi tukuna. Duk mai bina a baya, ya ba ni tazara.