Wendell Krupka da Giyar Rangwame

Wendell Krupka maƙwabcina ne a wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin ta Amurka, shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Tun yana matashi yake tuƙa motar share ƙanƙara a titunan gunduma, da ya yi ritaya kuma sai ya ɗora wa kansa aikin farautar rangwame. Duk abin da aka karya wa farashi sai ya saya, ko bai san amfaninsa ba. A garejinsa har buhun abincin kyanwa akwai, alhali ba su taɓa ajiye kyanwa ba. Matarsa Arlene ta daɗe da daina faɗa, sai dai ta kalle shi ta saman tabarau ta ci gaba da saƙarta.

Wata shekara 'yarsu Maribeth ta zo da maganar aure da wani yaro ɗan California, aka shirya iyayen yaron za su zo cin talotalo ranar Bikin Godiya. Mu nan biya muka sani da cuku, ba ruwanmu da giyar inabi. Amma Wendell ya ji an ce mutanen California da ita suke kurkure baki, sai hankalinsa ya tashi, kada surukai su ɗauke shi baƙauye. Ya shiga intanet, ya yi kiciɓis da kwali guda na jar giya, an soke tsohon farashi an rubuta wanda bai kai sulusinsa ba. A jikin tallar akwai hoton wani dattijo da malfa yana murmushi a gona. Wendell ya ce mini mai irin wannan gashin baki ba zai cuci mutum ba.

Da kwali ya iso ne shakka ta kama shi. Matsalar ita ce hancinsa. Tun yana saurayi aka karya masa shi a wajen wasa, daga nan bai ƙara bambance ƙamshi da wari ba, kuma komai a bakinsa kusan ɗaya ne. Ya buɗe kwalba ya kurɓa, iyakar abin da ya gano shi ne tana jiƙa maƙogwaro. Ya koma ya karanta ra'ayin waɗanda suka riga shi saye. Wani ya ce tana da ƙamshin tsohuwar fata, wata ta ce ta zuba tata a magudanar kicin da ta toshe, kuma magudanar ta buɗe tas. Wendell ya leƙo ta shinge ya tambaye ni ko tsohuwar fata yabo ne ko zagi. Na ce ban sani ba.

Sai ya kira zaman ɗanɗano a gareji ranar Asabar da rana: ni, da Duane ƙanen Arlene, da gwaggonsu Signe, wadda ta haura tamanin. Arlene ta hana kofunan gilashi, ta ce na baƙi ne, don haka a kofunan shayi aka zuba mana.

Mutanen garinmu ba sa kushe abu a gaban mai shi. In abinci bai yi ba, sai mu ce daban ne. Na kurɓa, na ji harshena ya tattare kamar na tauna ɗanyen goro da ɓawonsa. Wendell ya tsare ni da ido.

"Daban ce," na ce.

Duane ya taɓa ganin masana a talabijin suna juya kofi kafin su sha. Ya juya nasa da ƙarfi, rabi ya ƙare a gaban rigarsa. Ya shinshina ragowar, ya ce giyar ba ta da laifi, iska take buƙata. Wendell ya tashi ya wangale ƙofar gareji. Muka zauna cikin sanyi muna rawar ɗari, mu da kwalba muna shan iska tare. Da muka sake kurɓa, tana nan yadda take, sai dai ta yi sanyi.

Gwaggo Signe ce kaɗai shekaru suka ba ta izinin faɗin gaskiya. Ta shanye nata, ta goge baki.

"Wendell, ɗana, muna yara akwai wani maganin tari da mahaifiyarmu ke ɗura mana. Ban zaci zan sake gamuwa da shi a duniya ba."

"Yana aiki kuwa, Gwaggo?"

"Ƙwarai. Wanda ya sha sau ɗaya ba ya sake yarda a ji tarinsa."

Tana faɗin haka ta miƙo kofi a ƙara mata. Wannan ya ƙara rikita Wendell. Ya raka ni har bakin shinge yana tambaya: in ba ta yi ba, me ya sa ta nemi ƙari? In kuma ta yi, me ya kawo maganin tari?

Ranar Bikin Godiya ya yanke shawarar ya jarraba sa'arsa. Ya kwashe duk kwalaben biya da ke firjinsa ya kai gidana ajiya, kada baƙi su gani. Ya ɗaura lakataye. Surukai suka iso, Raymond Avila da matarsa Corinne, mutane masu fara'a. Abin da ya faru a teburin Arlene ce ta ba ni labari. Wendell ya fito da kwalba naɗe da farin ƙyalle kamar ma'aikacin otal. Raymond ya rufe kofinsa da tafin hannu, ya ce tun da aka yi masa aikin zuciya likita ya raba shi da giya, ruwa ya ishe shi. Corinne kuma ta ce ita giyar inabi ta gundure ta, tun a jirgi take ɗokin biya irin ta Wisconsin da ake ba ta labari, ko akwai?

Muna tsakiyar cin namu talotalon na ji ana dukan ƙofar baya. Wendell ne da lakataye, ƙanƙara har idon sawu, yana haki.

"Maƙwabci, ba ni kayana, kada ka tambaye ni komai."

Bayan wata guda wani kwalin ya sake isowa. Ashe garin sauri Wendell ya danna inda ya amince a riƙa aiko masa duk wata. Arlene ta ɗauki waya ta soke cinikin, ta canza kalmar sirrin kwamfuta, sannan ta ɗauko naman barewar da Duane ya harbo ta jiƙa shi da giyar ya kwana biyu. Ta yi farfesu ta kai liyafar coci, aka sauke tukunya kamar an wanke. Wendell ya bi tebur tebur yana gaya wa mutane cewa shi ya zaɓo giyar da kansa, kuma yanzu ya tabbata cinikin ya yi riba. Arlene ta ce masa da ruwan wanke kwano ta dafa ma haka za a cinye.

Da damina aka ɗaura auren. Wendell ya nemi a bar masa hidimar abin sha, ya ce ya ga wata garaɓasa. Maribeth ta rungume shi ta ce, "Baba, akwai aikin da ba mai iya shi sai kai." Ta ba shi tsara wajen ajiye motoci. Ya yi shi da gaske kuwa, da usur a baki, har motar limamin coci sai da ya sa aka ja baya aka gyara tsayuwa.