Yadda Tabawa Ta Shigo Gidanmu

Ƙanshin naman suna ya shigo mini ta taga daga gidan maƙwabta, sai ga ni a tsakar gidanmu na unguwar Sih a Madina, lokacin zafin da dabino ke nuna, kwana biyu da haihuwar ƙanwata.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma a fannin sunayen mata na isa a tambaye ni fatawa, don a gaban Kaka na yi karatun. Ita ta koya mini cewa suna ba ya tafiya shi kaɗai: Hauwa'u da Kulu, A'ishatu da Indo. Ta zo ƙasar nan ta hanyar Sudan tun tana amarya, ta bar mahaifiyarta a gida, ba su sake ganin juna ba. Sunan tsohuwar Tabawa. Burin Kaka ɗaya ne, ta ji ana kiran sunan nan a Madina kafin ta mutu.

Baba kuwa ɗalibin jami'a ne, ya riga ya tono wani suna daga littafi.

“Inna, Tabawa a nan? 'Yan makaranta za su mai da ita abin dariya.”

Kaka ta ci gaba da tsince shinkafarta. “To, Malam. Sa mata nawa. Ko shi ma babu a littafin?”

Wa zai ce wa uwarsa a'a? Aka yanka rago, aka raɗa sunan Kaka.

Sai da aka watse Baba ya gane inda aka kai shi. Bahaushe ba ya kiran sunan mahaifiyarsa. Umma ma ba ta isa ta ambaci na surukarta ba. Ga jaririya, ga suna, babu mai iya faɗa. Baba ya ɗauke ta ya ce “ya bint,” ya ce “ke 'yar nan,” har abin ya fara ba shi kunya. Ni da nake jika na ce zan riƙa kira musu in za a biya ni da tsire. Kaka ta ce, “Rufe mini baki, mijin banza.”

Ran nan yarinya na kuka, Kaka ta miƙa hannu ba ta ko ɗaga kai ba. “Ba ni Tabawa.” Baba ya miƙa ta. Har ya koma ga Allah da sunan nan yake kiranta.

Yanzu tana unguwar Khalidiyya, jikokinta masu amsa Hausa da Larabci suna ce mata Sitti Tabawa, wato Kaka Tabawa, babu wanda ya yi dariya. Bara aka sa wa jikata sunan Umma. Na shirya tsaf da nawa laƙabin, Gwamma. Kafin in buɗe baki, sai na ji uban yarinyar ya kira sunan gatsau, ko gezau. Na haɗiye Gwammata, na ce a ƙaro mini nama.