Siebren Tolsma, wanda ya mayar da muryar Baukje bayana

Ƙarfe takwas da rabi na kowace safiya, shekara talatin da tara ke nan, Siebren Tolsma yakan jingine kekensa a jikin shagonsa kusa da tashar jiragen ruwa ta Harlingen, ya ɗora kofi, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, sannan ya tsaya tsakiyar shago ido a rufe. Baƙo sai ya ɗauka addu'a yake yi, alhali saurare yake yi. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Na san halin garinmu: za a kai masa furanni, a ci kek, a watse. Shi ya sa ni Auke, da na ƙare rayuwata ina ɗaure igiyar jirgin fito, na ɗauki alƙalami.

Sana'arsa haɗa lasifikoki ce a 'yan ɗakunan sinima da mutane ke yi a gidajensu. Gidajenmu kuwa matsattsu ne, bangonka shi ne na maƙwabcinka. Hiske, maƙwabciyata, har yau tana ba da labarin ranar da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce zai zauna a falonta minti goma, ya ji ko ƙarar ɗakin sinimarmu tana tsallakowa. Ya sha kofinta, ya ci biskit ɗaya da aka ba shi, ya koma ya rage ƙarar. Wani mai gidan burodi kuma ya kinkimo manyan lasifikoki shida daga birni yana taƙama. Siebren ya auna ɗakin da ƙafa ya ce, "Taku huɗu da uku. Saniya za ka sa a akurkin kaza? Mayar musu da huɗu." Mutumin ya yi fushi na sati guda, yanzu shi ke kai masa burodi.

Namu ɗakin a can sama yake, ƙarƙashin rufi. Ni da matata Baukje muka gyara shi bayan yara sun watse: majigi, farin bango, lasifika biyu a gaba. Rufin ya karkace, kujera biyu ba sa jeruwa, don haka tata tana bayan tawa, ta hagu. Tun a lokacin Siebren ya ce a ƙara biyu a baya, don ruwan sama da takun mutane na cikin fim su riƙa zagaye mai kallo.

"Ka huda min bango ka gani," in ji Baukje, wadda ba ta jima da manna takardar bango mai furanni ba. "Kuma wace lasifika Auke yake nema a baya? Ba ga ni ba?"

Gaskiyarta. Shekara goma sha ɗaya ban kalli fim cikin shiru ba. Tana saƙa tana gaya min wanda zai mutu da wadda ta yi wauta, ina cewa ta bar ni in ji. Da ta rasu bara, na hau sau ɗaya, na ji kowace kalma ta fim ɗin tar, na sauko ban sake hawa ba.

Sai 'yarmu ta juye tsofaffin kaset ɗin bidiyonmu a kwamfuta ta kawo min. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba: Baukje ce kullum ke riƙe da kyamara. Ga ni, ga yara, ga kare, amma ita babu ita, sai muryarta cikin hugin iskar bakin teku. Muryar kuma daga gaba take fitowa, daga jikin bango, siririya, ta wata baƙuwa. Baukje ba ta taɓa yi min magana daga can ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne na fara manta yadda muryarta take a kunnena na hagu.

Na je shagon, na tarar da takardar rufewa a ƙofa.

"Na daina karɓar aiki, Auke," ya ce, ya taɓa kunnensa. "Wannan ya riga ni yin ritaya. Ba zan cuci mutum ba."

Na gaya masa abin da ya kawo ni, ina kallon ƙasa, don mu nan ba mu iya irin wannan magana ba. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Kawo kaset ɗin, tsohon banza. Da ka ji maganata tun farko, da tuni akwai lasifika a baya."

Sati biyu ya yi a bayan shago yana tsince muryarta daga cikin iska, jimla bayan jimla, da kunnen da ya rage masa. Ranar Talata da hantsi ya hau matakalarmu yana haki, da 'yan lasifikoki biyu da ba su fi bulon burodi ba. Bai buɗe akwatin aikinsa ba tukuna. Kujerarta ya tsaya yana kallo.

"Jingina take yi, ko sunkuyowa?"

"Sunkuyowa, in za ta tsokane ni."

"Wato kullum," ya ce.

Ya bi da waya ta ƙarƙashin katakon gindin bango, a durƙushe, da gwiwoyin shekara sittin da takwas. Lasifikar dama ya ɗora ta a kan kantar ɗakin. Ta hagu ya kafa ta kan sanda a gefen kujerar Baukje, daidai tsayin bakin mai zaune. Na ce ai da ya maƙala su a bango, da ya huta.

"Ta ce kar in huda," ya ce, bai ko ɗago ba.

Kai ne, Siebren, mai riƙe maganar mace shekara goma sha biyu, har bayan ba ta nan balle ta duba. Kai ne mai kunnen gari, da ka yi mana aiki da shi har ya ƙare.

Ya zaunar da ni ya ce yau ni ne kunnensa. Ya riƙa kunna dariyarta guda ɗaya yana matsar da lasifikar da faɗin yatsa. "Nan?" A'a. "Nan fa?" Ta yi nisa. Muka yi ta yi har kofi ya huce. Can dariyar ta sauka daidai kunnena, na gyaɗa masa kai, sai ya cire hannunsa, ya kunna bidiyon daga farko.

Bakin teku ne a tsibirin Vlieland. Ga ni a bango da baƙin gashina, na ba kyamara baya ina kallon jirage. Iska tana gaba, yara suna ihu a gaba. Sai daga bayan kafaɗata ta hagu, kusa da kunnena, Baukje ta ce, "Auke, juyo mana in gan ka."

Wancan na bango bai juya ba, hannu kawai ya ɗaga mata, jirage sun fi masa. Ni na juya.

Kujera ce da kwandon saƙa. Na sani, ban haukace ba. Amma kewarta da ta yi shekara tana yawo a gidan nan ba ta san inda za ta zauna ba, ranar ta sami wurinta.

Na tarar da Siebren zaune a matakala, ya ba ɗakin baya.

"Ta fito?" ya tambaya. "Ni ban iya tantancewa sosai."

"Ta fito."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki akwatinsa, ya ce kekensa na cikin ruwan sama.

Na gode, Siebren. Ban iya faɗa maka a matakala ba, ga shi na faɗa a gaban mutane. Ku kuma matasan da za ku gaji sana'ar, na'urorinku sun fi nasa iya awo, ban musa ba. Amma kafin ku buɗe akwati, ku tambayi mai ɗakin wa ke zama a ina, kamar yadda yake yi.

Yanzu kullum bayan abincin rana ina hawa sama. Tana cewa in juyo, kuma ban sake bari ta faɗa sau biyu ba.